Lissafin rashin daidaito: yadda ake gane zanen da ya dace da rukunin sharuɗɗa

Rukunin sharuɗɗan rashin daidaito wani sashe ne na aljabara, wato reshen lissafin da ake sa haruffa a madadin adadin da ba a sani ba. A makarantun Nijar da faransanci ake karanta shi, da sunan «système d'inéquations». Ɗalibi yakan fara haɗuwa da shi a ajin ƙarshe na kwalej, inda ake rubuta jarrabawar BEPC, sannan a zurfafa shi a lise. Tambayoyin da ake yi a kansa sukan zo ta fuska biyu: ko a ba ɗalibi sharuɗɗa a ce ya zana su, ko a ajiye masa zane ɗaya ko da yawa a ce ya nuna wanda ya dace da sharuɗɗan.

Darasin yana da amfani har a wajen aji. Manomin da ke raba gonarsa tsakanin hatsi da gujiya a karkarar Mayahi, da ɗan kasuwar da ke cika amalanke a Tasawa, duk suna aiki ne cikin iyakoki: faɗin gona, yawan jari, ƙarfin abin ɗauka. Zanen rukunin sharuɗɗa taswira ce ta abin da waɗannan iyakoki suka bar wa mutum.

Mene ne rashin daidaito

Daidaito shi ne a ce abu kaza daidai yake da kaza, kamar x + y = 6. Rashin daidaito kuwa iyaka yake sawa: kada a wuce kaza, ko kada a gaza kaza. Alamominsa huɗu ne:

< na nufin bai kai ba;
> na nufin ya wuce;
≤ na nufin bai wuce ba, wato ƙasa da adadin ko daidai da shi;
≥ na nufin bai gaza ba, wato sama da adadin ko daidai da shi.

Ƙaramin layin da ke ƙarƙashin alamomi biyu na ƙarshe yana da ma'ana. Idan mai amalanke ya ce kaya kada su wuce buhu 10, buhu 10 cif ya halatta, kuma ≤ za a rubuta. Idan ya ce kada su kai buhu 10, to a 9 za a tsaya, kuma < za a rubuta.

Ana kiran sharaɗi na miƙaƙƙen layi idan haruffan x da y sun zo a sauƙaƙe, ba a ninka x da kansa ba, ba a kuma ninka x da y ba. Misali 2x + 3y ≤ 12, ko y > x − 1, ko x ≥ 2. Idan aka haɗa biyu ko fiye aka ce dole a cika su duka a lokaci guda, an sami rukuni. Lissafin daidaito guda biyu yawanci amsa ɗaya yake bayarwa. Rukunin rashin daidaito kuwa amsoshinsa sukan yi yawan da ba a iya jera su a takarda, shi ya sa ake zana su.

Filin zane

Ana jan layi biyu da suka gitta juna a kan takarda mai gida-gida. Na kwance shi ne layin x, na tsaye shi ne layin y. Inda suka haɗu ana kiransa cibiya, kuma lambarsa (0, 0). Kowane ɗigo a filin yana da lamba biyu: ta farko tana faɗin taku nawa za a yi dama ko hagu daga cibiya, ta biyu kuma taku nawa sama ko ƙasa. Ɗigon (4, 2) yana taku 4 dama da taku 2 sama. Ɗigon (0, −2) yana kan layin tsaye, taku 2 ƙasa da cibiya.

Kowane sharaɗi yana da layinsa, wanda ake samu idan aka cire alamar rashin daidaito aka sa alamar daidai. Layin yana raba filin gida biyu, kamar yadda jerin gamba ke raba gonar mutum da ta maƙwabcinsa. A ɓangare ɗaya kowane ɗigo ya cika sharaɗin, a ɗaya ɓangaren babu ɗigon da ya cika shi. Saboda haka ba a bukatar gwada ɗigo ɗari. Ɗigo ɗaya da ba ya kan layin ya isa ya bayyana halin ɓangarensa baki ɗaya. Amsar rukuni ita ce yankin da ɓangarorin da aka yarda da su suka haɗu.

Misalin gona a Mayahi

A yankin Mayahi da Tasawa hatsi ne abincin gida, gujiya da wake da riɗi kuma su ne suka fi kawo kuɗi. A ɗauka wani magidanci a kusa da Gulbin Kaba yana da gona eka 6 da jari jika 160, jika ɗaya kuwa sefa 1.000 ce. Alƙaluman na misali ne domin sauƙin lissafi. A ce ekar hatsi tana cin jika 20 na iri da taki da ƙwadago, ekar gujiya kuma jika 40. Iyalinsa suna bukatar aƙalla eka 2 na hatsi domin rumbu. Idan x ne yawan ekar hatsi, y kuma yawan ekar gujiya, sharuɗɗan su ne:

x + y ≤ 6, iyakar gona;
20x + 40y ≤ 160, iyakar jari, wanda idan aka raba shi da 20 zai koma x + 2y ≤ 8;
x ≥ 2, bukatar rumbu;
y ≥ 0, domin ba a noma abin da ya gaza sifiri.

Hanya mafi sauƙi ta zana layi ita ce a nemo inda ya yanke layin kwance da inda ya yanke na tsaye. A layin x + y = 6, idan y sifiri ne x zai zama 6, idan x sifiri ne y zai zama 6. Layin ya ratsa (6, 0) da (0, 6) ke nan. Layin x + 2y = 8 ya ratsa (8 ; 0) da (0 ; 4). Layin x = 2 a tsaye yake, taku 2 dama da cibiya. Layin y = 0 kuwa shi ne layin kwance da kansa.

Sai a nemi ɓangare. A gwada cibiya a sharaɗi na farko: 0 + 0 ≤ 6 gaskiya ne, don haka ɓangaren da cibiya take shi ake so. A na biyu 0 ≤ 8 ma gaskiya ne. A na uku 0 ≥ 2 ƙarya ne, don haka ɓangaren da babu cibiya ake so, wato dama da layin. Abin da ya rage fili ne mai kusurwa huɗu: (2, 0), (6, 0), (4, 2) da (2, 3). Kowane ɗigo a cikinsa ko a kan gefensa shirin noma ne mai yiwuwa. Eka 3 na hatsi da 2 na gujiya suna ciki. Eka 3 da 3 kuwa suna waje: gonar ta isa, amma 3 + 6 ya ba 9, ya wuce 8, jarin zai yanke tun ba a kai girbi ba.

Abubuwa uku da ake dubawa

Idan zane aka bayar aka ce a daidaita shi da rukuni, ana bin kowane sharaɗi ɗaya bayan ɗaya ana duba abu uku.

Na farko, wurin layi. A lissafa inda layin ya kamata ya yanke layin kwance da na tsaye, a duba ko haka yake a zanen. Idan an rubuta sharaɗin da y shi kaɗai a hagu, kamar y > 2x − 2, lambar da ke tsaye ita kaɗai, wato −2, ita ce inda layin ya yanke layin tsaye. Lambar da ke manne da x, wato 2, tana nuna karkatar layin: duk taku 1 dama, layin yana hawa taku 2. Idan lambar tana da alamar ragi, layin gangarowa yake yi daga hagu zuwa dama.

Na biyu, irin layin. Idan alamar ≤ ce ko ≥, ɗigogin da ke kan layin suna cikin amsa, kuma akan ja layin cikakke. Idan < ce ko >, layin kansa ba ya cikin amsa, kuma akan ja shi tsinke-tsinke.

Na uku, ɓangare. A ɗauki ɗigo ɗaya daga cikin yankin da zanen ya nuna a matsayin amsa, a sa lambobinsa a cikin kowane sharaɗi. Idan ya cika su duka, yankin ya dace. Idan ya faɗi ko da ɗaya, zanen na wani rukuni ne.

Tambaya mai zane huɗu

A ce an ba da rukunin y > 2x − 2 da y ≤ −x + 4. Layi na farko ya ratsa (0, −2) da (1, 0), yana hawa, kuma tsinke-tsinke ya kamata ya zama. Na biyu ya ratsa (0, 4) da (4, 0), yana gangarowa, kuma cikakke ne. Sun gitta juna a (2, 2), suka raba filin gida huɗu: hagu, dama, sama da ƙasa.

Zane na ɗaya ya nuna yankin sama. A gwada (2, 5): 5 > 2 gaskiya ne, amma 5 ≤ 2 ƙarya ne. An fitar da shi. Zane na biyu ya nuna yankin ƙasa. A gwada (2, 0): 0 > 2 ƙarya ne, shi ma ya fita. Zane na uku da na huɗu duka yankin hagu suka nuna, inda cibiya take. Cibiya ta cika sharuɗɗan biyu, domin 0 > −2 kuma 0 ≤ 4. Sai irin layi ya raba gardama: a zane na uku layukan biyu cikakku ne, a na huɗu kuwa mai hawa tsinke-tsinke ne, mai gangarowa cikakke. Zane na huɗu shi ne amsa.

A lura da mahaɗar layukan. Ɗigon (2, 2) ba ya cikin amsa, domin 2 > 2 ƙarya ne. Ɗigon (0, 4) kuwa yana ciki, ko da yake a kan iyaka yake, domin iyakar cikakkiya ce.

Daga zane zuwa sharuɗɗa

Wani lokaci zane kaɗai ake bayarwa a ce a rubuta rukuninsa. Matakan ba su canja ba, ta baya kawai ake bin su. A ce zanen ya nuna cikakken layi da ya ratsa (6 ; 0) da (0 ; 3), da layi tsinke-tsinke a tsaye a kan x = 1, kuma yankin amsa yana ƙarƙashin na farko, dama da na biyu. Layin da ya ratsa waɗannan ɗigogi biyu shi ne x + 2y = 6, domin 6 + 0 da 0 + 6 duk 6 suke bayarwa. A ɗauki ɗigo daga yankin amsa, kamar (2, 1): 2 + 2 ya ba 4, ƙasa da 6. Tun da layin cikakke ne, sharaɗin shi ne x + 2y ≤ 6. Na biyu kuma x > 1.

Inda aka fi yin kuskure

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da juya alama. Idan aka ninka ko aka raba ɓangarorin sharaɗi da lamba mai alamar ragi, dole < ta koma >, > kuma ta koma <. Dalili a fili yake: 2 bai kai 5 ba, amma −2 ya fi −5, kamar yadda mai bashin jika 2 ya fi mai bashin jika 5 sauƙin hali. Sharaɗin 2x − y < 2, idan aka ware y, yana komawa y > 2x − 2. Wanda ya ga alamar < tun farko ya yi gaggawar cewa ƙasan layi ake so, ya kuskure. Ƙa'idar «> sama, < ƙasa» tana aiki ne kawai idan y yana hagu shi kaɗai babu alamar ragi. Gwajin ɗigo kuwa yana aiki ko ta yaya aka rubuta sharaɗin.

Na biyu shi ne gwada cibiya alhali layin ta kanta ya bi. A sharaɗi kamar y ≥ x, cibiya tana kan iyaka, ba za ta nuna ɓangare ba. Sai a ɗauki wani ɗigon, kamar (1, 0): 0 ≥ 1 ƙarya ne, don haka ɗaya ɓangaren ake so.

Na uku shi ne rikita layin tsaye da na kwance. Sharaɗin x ≥ 2 layinsa a tsaye yake, ko da yake layin x a kwance yake. Sharaɗin y ≤ 3 kuma layinsa a kwance yake.

Na huɗu ya shafi al'adar zane. Malamai da littattafai da yawa na tsarin faransanci suna karce ɓangaren da ba a so, su bar yankin amsa fari. Wasu littattafan, da manhajojin waya irin su GeoGebra, yankin amsa suke shafa wa launi. Ɗalibin da ya saba da ɗaya ya haɗu da ɗayar yana iya zaɓar kishiyar amsa. Kafin komai a karanta bayanin da ke tare da zanen a san wace al'ada aka bi.

Siffofin amsa

Yankin amsa ba koyaushe yake rufe ba. A misalin gona rufaffe ne ta kowane gefe. A tambaya mai zane huɗu kuwa buɗe yake, ya miƙe hagu babu iyaka. Idan layuka biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa, amsar tana iya zama ziri ɗaya tsakaninsu, kamar x + y ≥ 2 da x + y ≤ 6. Tana kuma iya zama babu. Rukunin x + y ≤ 6 da x + y ≥ 8 ba shi da amsa, kamar mai gona eka 6 da ya ƙudura shuka eka 8.

Akwai kuma inda ba kowane ɗigo na yankin ke da amfani ba. Tasawa tana kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, kuma cinikin hatsi da wake a buhu abu ne na yau da kullum a can. A ɗauka ɗan kasuwa yana da jika 300 da amalanken da ba ya ɗaukar fiye da buhu 10, buhun hatsi jika 25, na wake jika 40. Sharuɗɗansa su ne x + y ≤ 10 da 25x + 40y ≤ 300. Layukan sun haɗu a inda wake ya kai buhu 3 da sulusi. Idan buhu cikakke kawai ake saye, sai a nemi ɗigogi masu cikakkun lambobi a cikin yankin. Buhu 7 na hatsi da 3 na wake sun ci jika 295, suna ciki. Buhu 6 da 4 sun ci jika 310, suna waje, ko da yake a zane kusa suke da kusurwar.

Abin da kusurwoyi ke nunawa

Zanen yana nuna abin da zai yiwu. Idan ana neman wanda ya fi riba a cikin masu yiwuwa, akwai ƙa'ida tabbatacciya: muddin yankin rufaffe ne, gefunansa cikakku, kuma ribar tana ƙaruwa daidai da yawan x da y, to riba mafi girma a ɗaya daga cikin kusurwoyi ake samunta.

A koma ga gonar Mayahi, a ce ekar hatsi tana barin ribar jika 50, ta gujiya jika 80. A kusurwar (2, 0) ribar jika 100 ce, a (6, 0) jika 300, a (2, 3) jika 340, a (4, 2) kuma jika 360. Eka 4 na hatsi da 2 na gujiya suka yi nasara. Idan gujiya ta yi tsada ribarta ta kai jika 120, kusurwar (2, 3) za ta ba 460, ta wuce (4, 2) mai 440. Idan ta faɗi ta koma jika 40, hatsi zalla a (6, 0) zai ba 300, ya wuce 280 na (4, 2). Yankin bai motsa ba, domin gona da jari suna nan yadda suke. Farashi ne ya sauya kusurwar da ta fi. Lissafin kuma iyakarsa alƙaluman da aka ba shi: bai san makarar damina ko tsutsar hatsi ba, sai idan an shigar da su cikin ƙiyasin.

Taƙaitaccen tarihi

Kalmar aljabara ta fito ne daga «al-jabr» da ke cikin sunan littafin Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Alamomin < da > sun bayyana a littafin Thomas Harriot na Ingila da aka buga a 1631, shekara 10 bayan mutuwarsa. A 1637 René Descartes na Faransa ya fitar da aikinsa da ya haɗa aljabara da zane. Joseph Fourier, shi ma Bafaranshe, ya yi rubutu a kan warware rukunin rashin daidaito a 1826.

A ƙarni na 20 fannin ya shiga harkar tattalin arziki. A 1939 Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyet ya yi amfani da shi wajen tsara aikin masana'antar katako, kuma a 1975 ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki tare da Tjalling Koopmans. A 1947 George Dantzig na Amurka ya ƙirƙiro hanyar da ake kira simpleks, wadda ke bin kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga mafi riba. Da irin wannan lissafi kwamfuta ke tsara jigilar kaya da haɗin abincin dabbobi a yau, inda haruffan da ba a sani ba sukan kai dubbai, ba a iya zana su a takarda. Hukumar abinci ta duniya, wadda aka fi sani da PAM a Nijar, tana amfani da shi wajen tsara kwandon abincin agaji da hanyoyin kai shi.

Ga mai shirin jarrabawa

Darasin ba ya bukatar fiye da takarda mai gida-gida, fensir da abin jan layi. Ɗalibin Korgom, Maijirgi ko Kanambakashe da ba shi da wayar zamani bai rasa komai ba a nan. Mai waya kuma yana iya rubuta sharuɗɗan a GeoGebra, manhajar kyauta, ya gwada zanensa da nata bayan ya gama da hannu. Kafin a miƙa takarda, a ɗauki ɗigo ɗaya daga cikin yankin da aka zaɓa da wani daga wajensa, a sa su a cikin sharuɗɗan asali kamar yadda aka ba da su. Na ciki dole ya cika su duka, na waje kuma dole ya faɗi aƙalla ɗaya.